Yaya Me-ya-sa da Masu Jefa Ƙuri'a

Mu biyar iyayenmu suka haifa. Ita ce ta fari, ni ce auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta kai har ta goya ni. A gida Yaya muke ce mata, a jami'a kuwa Farfesa. Amma tsofaffin layinmu da suka rage, har yau da furfura ta rufe mata kai, ba su san ta da wani suna ba sai Me-ya-sa.

Baba ne ya laƙaba mata sunan. Shagon gyaran rediyo gare shi a bakin titi, shi da ƙaninsa, wato Baffanmu. Ƙofa ɗaya, tebur biyu, kanta cike da rediyoyi, wasu hanjinsu a waje, wasu masu su sun manta da su har gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Kullum ƙaurin dalma ke tashi a ciki. Baba ɗan shuɗi ne, Baffa ɗan rawaya, domin haka ake kiran manyan jam'iyyun nan biyu a wurinmu, da launin tutarsu. Nono ɗaya suka sha, filaya ɗaya suke miƙa wa juna, amma in aka zo maganar siyasa sai ka rantse a hanya suka haɗu.

Inna ce ta ba ni labarin yadda abin ya fara, don lokacin ba a haife ni ba. Idan Yaya ta taso daga makaranta ita ke kai musu abincin rana, ta zauna a kan wani tsohon akwatin lasifika tana jiran kwanuka. Daidai lokacin ake karanta labarai. Wata rana da aka gama, Baba ya ajiye cokali ya ce, "Ka ji ko? Ƙasa ta kama hanya."

Baffa ya ce, "Na ji da kunnena. Sun gama da mu."

Yaya ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce, "Baba, rediyo ɗaya kuka saurara ko biyu?"

"Ɗaya mana."

"To me ya sa kowa ya ji abu daban?"

"Saboda Baffanki ba ya son gaskiya."

"Me ya sa ba ya so?"

Baba ya ce ta kwashi kwanukanta ta tafi gida. Kashegari ta dawo da tambayar, jibi ma haka, har ya gaji ya riƙa cewa, "Ga Me-ya-sa nan tafe, kowa ya kama bakinsa." Inna ta ce kowa ya ɗauka ƙuruciya ce, za ta wuce kamar ƙyanda. Ba ta wuce ba. Tambayar da ta yi a kan akwatin lasifikar nan ita ta zame mata aikin rayuwa.

Da ta sami shiga jami'a ta ce kimiyyar siyasa za ta karanta, Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Siyasar ma har kimiyya gare ta? Na ɗauka baki kawai ake buƙata." Amma a waje yana bugun ƙirji yana gaya wa masu kawo gyara cewa 'yarsa minista za ta zama. Bai san cewa ita kujerar ba ta gabanta ba. Masu ɗora mutum a kujerar take son ta gane: abin da ke faruwa a zuciyarsu kafin su dangwala yatsa.

Ina 'yar firamare lokacin da take haɗa digirinta na biyu, kuma a gabana aka yi abin da har yanzu ake labarinsa a danginmu. Ta sami Baba shi kaɗai a tsakar gida yana wanke hannu, ta ce masa jagoran shuɗi ya kawo shawarar a kwashe duk shagunan bakin titi a mayar da su sabuwar kasuwa a bayan gari, me ya gani? Baba ya ce ai tsari ke nan, gari ba ya ci gaba da cunkoso, mutumin nan yana da hangen nesa. Da yamma ta tare Baffa ta faɗa masa magana iri ɗaya, sai dai ta ce jagoran rawaya ne ya faɗa. Baffa ya ce dama ya daɗe yana tunanin haka.

Washegari ta riƙe hannuna muka je shagon. Baba ne ya tayar da zancen da kansa, yana yabon mutuminsu. Baffa ya miƙe tsaye ya ce shawarar mutuminsu ce, 'yan shuɗi sun saba da sata. Suka kaure, kowa yana ƙoƙarin ƙwace wa jam'iyyarsa shawarar da za ta rushe shagon da suke tsaye a ciki. Sai da muryoyi suka fara jawo masu wucewa sannan Yaya ta ce, a hankali, "Ku yi haƙuri. Babu wanda ya faɗa. Ni na ƙirƙira."

 Baffa ya koma ya zauna yana sosa ƙeya. Baba ya ce, "Uban naki kika mayar abin gwaji?"

Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta sai da kai. Ranar da ya sauko, shi ya kira ta. Ya ce, "Zauna. Ni ba ni da lokacin karanta takardun gwamnati. In mutumin da na yarda da shi ya faɗi abu, sai in ɗauka ya duba. Ke in likita ya ba ki ƙwaya, fasa ta kike yi ki leƙa ciki?"

Ta ce, "A'a, Baba. Gaskiyarka. Ba wauta ba ce, yarda ce. Abin da nake son sani shi ne, yaushe mutum yake daina yarda da likitan?"

Baba ya ce, "To je ki nemo. Amma kar ki sake yi wa mutum haka ba ki gaya masa ba."

Ba ta sake ba. Daga ranar, duk wanda za ta yi wa irin wannan gwaji sai ta fara sanar da shi cewa a cikin tambayoyin akwai wadda ba gaskiya ba ce, kuma in an gama za ta nuna masa ita. Abin mamaki, ko da gargaɗin, mutane ba su fasa faɗawa ramin ba.

Bayan ta zama malama a jami'a ta soma babban aikin da aka san ta da shi. Ta zaɓi mutane ɗaruruwa daga unguwanni daban-daban, masu hali da marasa hali, maza da mata, ta roƙe su abu ɗaya: su yarda ta riƙa dawowa wurinsu kafin kowane zaɓe da bayansa, ta yi musu tambayoyi. Wasu masu bincike sukan tambayi sababbin mutane kowane karo. Ita ta ce tana son ta ga yadda mutum ɗaya yake tsufa da ra'ayinsa. Ta yi musu alkawarin cewa sunan kowa ba zai fita ba, ko miji ba zai ji abin da matarsa ta faɗa ba. Abokan aikinta suka ce ba za ta wuce zaɓe biyu ba mutanen za su watse. Ta yi sama da shekara talatin tana bin su. In sun tashi daga gida ta nemo inda suka koma. In an yi musu haihuwa ta je barka, in an yi rasuwa ta je gaisuwa, ba tare da takarda ko rikoda ba.

Sau ɗaya na bi ta, ina hutun makarantar koyon jinya. Muka fara da wani mai guga, ɗan shuɗi na gani-kashe-ni. Ya kife mata bokiti ta zauna, ta ɗora ƙaramar rikodarta a kan tarin kayan da ya ninke. Yana hura gawayin dutsen guga yana zazzaga wa 'yan rawaya zagi, tun daga kakanninsu. Na saci kallon fuskarta. Ba murmushi, ba yatsina, ba gyaɗa kai. Idonta a kansa, kamar ba ta taɓa jin magana mai daɗin saurare irin tasa ba. Daga nan muka shiga wurin wata mai sayar da zare da maɓallai, Uwar Biyu ake ce mata, 'yar rawaya ce har a ɗankwali. Ita ma ta wanke 'yan shuɗi tas. Fuskar Yaya ita ce dai ta ɗazu.

Can ta tambaye ta, "In 'yarki ta kawo saurayi ɗan shuɗi ta ce shi take so, yaya za ki yi?"

Uwar Biyu ta ce, "Haba, ina ruwan aure da siyasa? Halinsa zan duba."

Ni a zatona an gama, har na fara gyara jaka. Yaya ba ta motsa ba, ba ta kuma ce uffan ba. Shirun ya yi tsawo har na ji kunya ta kama ni. Uwar Biyu ta juya ƙwaryar maɓallai, ta sake juyawa, sannan ta ce, "Amma fa zan daɗe ina dubawa."

A hanya na ce, "Yaya, yaya aka yi kika san akwai saura?"

Ta ce, "Ban sani ba, Auta. Amsar farko ta baƙo ce. In kika yi haƙuri, wani lokaci ta gida takan fito."

Na yi shekaru ina aiki a asibiti, na koyi kallon mummunan rauni ba tare da fuskata ta tsorata mai shi ba. Amma ban taɓa kama ƙafarta ba. Ni minti kaɗan nake daurewa. Ita ta yi rabin rayuwarta ana zagin wani ɓangare a gabanta, kuma dole ɗaya daga cikin ɓangarorin nata ne, don ba ta taɓa fashin zaɓe ba. Babu wanda ya san wanne. Mijinta, injiniyan ruwa ne mai barkwanci, yakan ce, "Na san yawan sukarin da take sa wa a shayi, na san ƙafar da take fara sa wa takalmi, amma inda take dangwala yatsa, sai dai ku tambayi akwatin." Ranar zaɓe ko tufafi ba ta sa mai launin da zai ba da ƙofa. Toka-toka take sawa.

Shekarar da aka yi zaɓen nan mai zafi ne aikin ya kusa rushewa. Kafin nan ta fitar da wani rubutu a mujallar masana, inda ta nuna cewa lokacin da rawaya ke mulki, magoya bayanta da yawa sun ce kaya sun yi sauƙi a kasuwa alhali tsada suka yi. A shafi na gaba ta nuna cewa 'yan shuɗi sun yi daidai haka a zamanin mulkinsu. Masu yaƙin neman zaɓen shuɗi suka yanki rabin farko suka bar na biyu. Tana zaune a ofishinta tana duba jarrabawar ɗalibai ta ji motar lasifika tana wucewa ta bayan katanga, ana shelar cewa Farfesa da kanta ta tabbatar 'yan rawaya makafi ne.

Ba ta kai ƙara ba, ba ta rubuta wa kowa ba. Gidan rediyo ta je ta nemi a ba ta fili kai tsaye. Ina bakin aiki a ɗakin masu karaya na ji muryarta daga rediyon wani majinyaci.

Mai gabatarwa ya ce, "Farfesa, da gaske ne son jam'iyya ya rufe wa magoya bayan rawaya ido?"

Ta ce, "Da gaske ne. Na shuɗi ma haka, ba ragi ba ƙari. Kai ma da kake tambayata haka kake. Ni ma haka nake. Na taɓa ba ɗalibaina izini su yi mini gwajin ranar da ban zata ba. Suka yi, na faɗi warwas."

"To ke wace jam'iyya ce ta rufe miki naki idon?"

"Wannan tsakanina da akwati ne."

Aka buɗe layin waya. Ban taɓa jin shuɗi da rawaya sun haɗu a kan abu ɗaya ba sai ranar: kowa zaginta yake yi. Wannan ya ce an saye ta, wancan ya ce ta raina talaka. Majinyacin da ke da rediyon, ƙafarsa a rataye, ya ce mini, "Sista, wannan matar ba ta da kunya." Na gyara masa matashi na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Zagin bai dame ta ba kamar abin da ya biyo baya. Ɗaliban da ta tura zagayen kafin zaɓe suka riƙa dawowa hannu rabbana. Mutanenta, waɗanda ta yi shekaru tana shiga gidajensu, sun rufe ƙofa. Shugaban sashensu ya ba ta shawara ta bari ƙura ta lafa, a yi bayan zaɓe. Ta ce masa abin da mutum zai faɗa bayan ya ga wanda ya ci daban yake da abin da zai faɗa kafin nan, in aka tsallake wannan karo igiyar ta tsinke ke nan. Lokacin ta haura hamsin, gwiwarta ta dama tana kumbura, ni nake ɗaure mata ita da bandeji. Na ce ta zauna. Ta ce in ɗaure da kyau.

Ita kaɗai ta fita, gida-gida. Daga baya mai gugar nan da kansa ya ba ni labarin zuwanta wurinsa, ranar da ya kawo matarsa asibiti. Ya ce ta yi sallama bai amsa ba, bai kuma kife mata bokiti ba. Ta zauna a dakalin ƙofa, rana tana dukanta. Ya goge riga, ya goge wando, ya sake hura wuta, tana nan.

Ya ce mata, "Shekara da shekaru ina buɗe miki cikina, ashe dariya kike yi mini a takarda."

Ta ce, "Ka taɓa jin na ambaci sunanka?"

"A'a."

"Nawa na ambata. Kuma yau ban zo da rikoda ba. Fushinka na zo ji."

Ya ce daga nan sai ya faɗi komai. Ya gaya mata yadda aka yi masa dariya a wurin mai shayi, yadda ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa duk da ba wanda ya san yana cikin masu amsa mata. Ba ta kare kanta ba ko sau ɗaya. Da ya gama ta ce ya yi gaskiya, ya kamata ta zo ta gaya musu abin da ta gano tun kafin su ji a rediyo, kuma daga yanzu haka za ta riƙa yi. Ta dafa bango ta miƙe. Har ta kai bakin titi ya ɗaga murya ya ce, "Gobe ki zo da na'urar taki."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ana jibi zaɓe. Mafi yawansu sun dawo. Wasu ba su dawo ba har abada, kuma ta ji zafin rashinsu kamar an yi mata mutuwa. Tun daga shekarar, duk lokacin da ta kammala wani rubutu sai ta ari ɗakin taro na wata makaranta ta gayyace su, ta yi musu bayani da bakin da za su gane, su yi mata gardama son ransu.

A tsakanin nan Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Baffa ya ci gaba da buɗe shagon shi kaɗai, ko da yake gyaran rediyo ya ja baya. Muka lura in lokacin labarai ya yi sai ya kashe rediyon. Yaya ta tambaye shi ko ya bar rawaya ne. Ya ce, "Ban bari ba. Amma da wa zan yi?" Ta daɗe tana kallon teburin Baba.

Bayan shekaru ta zauna ta ware mutanen da suka sauya jam'iyya a tsawon binciken. Ba su da yawa. Ta koma kan tsofaffin hirarrakinsu, tana saurare tana kwatantawa, wata da watanni. Wata rana na kai mata maganin gwiwa ofis, na tarar ta baje takardu har ƙasa, ta cire takalmi, shayinta ya huce da daɗewa.

Ta ce, "Auta, zauna ki ji. Na yi zaton hujja ce take sauya mutum, ko yunwa. Kusan duk waɗannan ba haka ba ne. Wannan unguwa ya sauya. Wannan aiki ta samu a wata masana'anta. Wannan abokin hirarsa ne ya rasu, ya koma zama a wata majalisa. Sai bayan shekara biyu ko uku ra'ayin ya biyo baya, kuma in kika tambaye su sai su ba ki hujjoji masu kyau, har su rantse dama can haka suke gani."

Na ce, "Wato mutum ba ya tunani ke nan?"

"Yana yi. Amma ba ya tashi daga benci sai ya hango wani bencin da za a matsa masa ya zauna. Wa yake son ya yi gaskiya shi kaɗai a tsaye?"

Akwai abin da ya fi wannan yi mata nauyi. A rubutun da ya fara fito da sunanta tana matashiya, ta ce ilimi ne maganin wannan cuta, in mutane suka yi karatu za su riƙa auna magana ba tare da duban mai ita ba. An yi ta ambaton rubutun, har a ƙasashen waje. Yanzu bayanan da ta tara da hannunta sun nuna mata akasin haka: a cikin mutanenta, masu zurfin karatu sun fi iya kare ɓangarensu, don sun fi iya nemo dalili. Ba wanda ya gano wannan sai ita, kuma da ta yi shiru da wuya wani ya tono.

A babban taron masana na shekarar aka ba ta jawabin buɗewa, don girmamawa. Na ɗauki hutu na je, na zauna a baya kusa da Injiniya. Wanda ya gabatar da ita ya daɗe yana yabon wancan tsohon rubutun. Ta hau mumbari da sandarta, ta gode masa, sannan ta ce, "Rubutun da aka yaba yanzu, babban abin da na faɗa a cikinsa kuskure ne. Zan nuna muku inda na kauce." Ta shafe jawabin gaba ɗaya tana warware aikinta zare-zare, ba rawar murya, ba neman uzuri, kamar tela yana farke ɗinkin da ya karkace.  Da ta gama, wani tsohon farfesa da suka yi shekaru suna sa-in-sa ya fara miƙewa, sauran suka bi. Injiniya ya sunkuyo ya ce mini, "A gida fa ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba." Amma na ga yana goge ido da bakin hannun riga.

Yanzu ta yi ritaya. Ɗalibanta biyu, da suka zama malamai su ma, su ke ci gaba da zagayen, har sun fara da 'ya'yan mutanen farko. Ita kuma ta mayar da ɗakin baƙinta wurin aiki, tana juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta kafin su lalace. Ni ma na ajiye aiki, nakan je duk mako in auna mata hawan jini.

Kwanakin baya ina can wata mata ta yi sallama, za ta yi shekara arba'in, da jakar ma'aikata a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce mahaifiyarta tana cikin waɗanda Farfesa take yi wa tambayoyi, ta rasu bara. Ta ce sun duba ko'ina, suna da hotuna, amma ba su da muryarta ko ta minti ɗaya.

Yaya ta tambayi unguwar da sana'ar marigayiyar. Kafin matar ta rufe baki Yaya ta ce, "Mai kitso, mai yawan dariya, wadda kyanwarta take hawa cinyar baƙi. Allah ya jiƙanta." Matar ta rufe fuska da mayafi.

Da ta natsu ta ce, "Mama, akwai kuma abin da nake son sani. Gidanmu kaf shuɗi ne, Babanmu ba ya wasa da wannan. Amma na daɗe ina zargin ita ba nan take jefawa ba."

Yaya ta ce, "'Yata, wannan ba zan gaya miki ba."

"Ai ta rasu, Mama. Babanmu ma ya rasu."

"Da na yi mata alkawari ban ce sai ranar da ta mutu ba. Ki dawo mako mai zuwa, zan ga abin da zan iya."

Ta kwashe kwanaki a kan kaset ɗin matar nan, na shekaru daban-daban, abin saurare a kunne, tana yanka tana haɗawa. Duk inda aka taɓo siyasa ta cire. Ta bar gaisuwa, da ban gajiya, da inda marigayiyar take korar kyanwa, da wata doguwar dariya da ta yi don rikoda ta faɗo daga kan kujera. A wani kaset na farko-farko akwai inda ta katse hira ta ƙwala kira, "Ƙaramata, kawo wa baƙuwa ruwa, kar ki zubar." Sai ga wata siririyar murya ta amsa daga nesa.

Da matar ta dawo Yaya ta sa mata abin sauraren da hannunta, ta ja ni muka fita baranda muka bar ta. Mun daɗe a waje. Da ta fito idanunta sun yi ja, tana ta godiya, ta ce ita ce Ƙaramar, ta manta ma ana kiran ta haka. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Mama, ko da ido ne, ki ɗan nuna mini."

Yaya ta yi murmushi ta ce, "Ki gaida gida. Ki ba ƙannenki su ma su ji."

Na zaunar da ita na ɗaura mata abin awo a dantse. Jinin ya ɗan hau, na ce yau kam ta huta. Ta ce to, in yi sauri in kwance mata hannu, akwai kaset ɗin wani tsohon direba da ya fara cin zare, tana so ta cece shi kafin yamma.